Dan Allah me ya sa a irin su Cinderella uwa ko ta mutu ko ta zama muguwa?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni, dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun dan abin ya kwana biyu yana cina a rai. Ni dai na auri mijina yana da 'ya guda, mamanta Allah ya yi mata rasuwa tun yarinyar tana shekara biyu, yanzu shekararta bakwai kuma a hannuna take tun tana huɗu, ni nake mata wanka ni nake shiryata makaranta ni nake kwana a zaune in zazzaɓi ya kamata, har ma da sunanta ake kirana. To yarinya ce mai son katun sosai musamman irin na 'ya'yan sarakunan nan. Ran nan muna zaune muna kallon Cinderella, tsohon nan na Disney, daidai wajen da matar uban ta kulleta a ɗakin sama ta jefa mukulli a aljihu, sai kawai ta juyo ta kalleni ta ce "Mama ke ma matar uba ce ko?" Wlh na san ba da wata manufa ta faɗa ba, yaro ne kawai yana haɗa wannan da wancan, amma sai da na ji wani abu ya tokare min ƙirji, na ce mata eh, ta yi shiru ta cigaba da kallonta ni kuwa ban ƙara gane me ake a fim ɗin ba.

Daga ranar na fara lura da abin da take kalla, sai na ga ashe ba Cinderella kaɗai ba ce. Snow White uwa ta mutu matar uba tana neman kasheta. The Little Mermaid ga uba ga 'yan mata reras amma ko maganar uwa ba a yi. Beauty and the Beast uba ne kawai. Frozen ana fara fim ba jimawa jirgin ruwa ya nitse da iyayen duka. Tangled kuma wadda yarinyar take kira mama ita ce ta saceta. Kai har Bambi ɗan barewa sai da aka harbe masa uwa.

Shi ne nake tambaya, wai asalin tatsuniyoyin ne haka suke ko masu fim ne suka maida su haka? Kuma me uwa ta yi musu? Sannan masu yara, kuna ganin in hanata kallo ne ko ya zan yi, dan bana so wani abu ya ɗarsu a ranta game da ni.

Abban Sadiq

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya saka miki da alheri da riƙon marainiya, Allah ya jiƙan mahaifiyarta. Ni abin da na sani shi ne shi kansa Walt Disney ɗin mahaifiyarsa ta rasu ta hanya mai ciwo. Bayan sun samu kuɗi shi da yayansa Roy sai suka saya wa iyayensu gida, ashe na'urar ɗumama gidan tana yoyon iskar gas, ita ce ta yi ajalin tsohuwar a 1938. Ana cewa abin bai taɓa barin zuciyarsa ba dan gani yake shi ya jawo, to ina ga shi ya sa finafinansa kusan duk babu uwa a ciki. Batun hana kallo kuwa ni bana ganin zai yi amfani, in ba ta gani a gida ba za ta gani a wani wajen.

Malam Ɗan Adabi

Abban Sadiq, rasuwar mahaifiyar tasa gaskiya ne, sunanta Flora kuma a 1938 ɗin ne kamar yadda ka faɗa, amma lissafin bai fita ba in ka duba shekaru. Snow White ya fito ne a ƙarshen 1937, tana raye a lokacin, hasali ma da ribar fim ɗin aka sayi gidan. Bambi kuma da ya fito a 1942 daga littafin wani marubucin Austriya ne Felix Salten na 1923, kuma a littafin ma mafarauta sun kashe uwar. Ka ga kenan ya tarar da abin ne, ba shi ya ƙirƙira ba.

Maman Ilham bari in baki abin da ni ya fi ɗaure min kai lokacin da na fara karanta tarihin tatsuniyoyin nan. Wasu 'yan uwa biyu ne Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara su, mafi yawa daga bakin mata, suka buga littafin farko a 1812. To a wancan bugun na farko, sarauniyar da take tsayawa gaban madubi tana tambayar wa ya fi kowa kyau BA matar uba ba ce, uwar Snow White ce ta cikinta. Ita ce tana zaune bakin taga tana ɗinki allura ta soketa jini ya ɗiga a kan ƙanƙara, ta yi burin ta haifi 'ya fara kamar ƙanƙara ja kamar jini mai baƙin gashi, Allah ya bata, yarinya na kai shekara bakwai madubi ya ce ta fita kyau, shikenan sai ta sa mafarauci ya kaita daji ya kasheta ya kawo mata huhunta da hantarta ta dafa ta ci. Uwa mahaifiya fa. Sai a bugu na biyu na 1819 aka canza, aka ce ai uwar kirki ta mutu wajen haihuwa sarki ya sake aure. Haka Hansel da Gretel, yaran nan biyu da aka kai daji aka yar saboda yunwa, a 1812 uwarsu ce ta matsa wa uban sai an yar da su, sai a bugu na huɗu na 1840 ta koma matar uba.

Me ya sa suka canza? Da farko littafin dan masana suka yi shi, to sai ya zama iyaye ne suke saya suna karanta wa yara, ƙorafi ya yi yawa cewa bai dace da yara ba, Wilhelm ya dinga gyara yana sharewa har zuwa bugu na bakwai a 1857. Kuma su kansu ubansu ya rasu a 1796 suna yara, uwarsu ce ta yi ta fama da su cikin talauci, to mutanen da suka tashi haka da wuya su iya barin kalmar uwa a jikin mace mai cin hantar 'yarta. Sai suka ɗauke laifin suka ɗora wa wadda ba mai kare mata, wato matar uba. Disney kuma bugun da aka riga aka gyara ya samu, shi ya zana, duniya ta haddace.

Amma kar in yi musu ƙarya, ba duka suka canza ba, Cinderella tun asali da matar uba take, haka ma wasu da dama. Sai dai akwai wani masanin halayyar yara Bruno Bettelheim da ya yi littafi a 1976 a kan tatsuniyoyin nan, shi a ganinsa uwar kirkin da ta mutu da muguwar da ta maye gurbinta duk mace ɗaya ce aka raba biyu. Yaro ƙarami yana son uwarsa kamar ransa amma ita ce dai mai hana shi abu, ita ce mai yi masa tsawa, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta haɗa cewa mai rungumarsa da safe ita ce mai faɗan yamma ba, to tatsuniya sai ta ba shi wajen ajiye haushin ba tare da ya taɓa soyayyar ba. Mutane da yawa sun soki mutumin kuma ni ma ban yarda da duk abin da ya ce ba, amma ki duba Hansel da Gretel, suna ƙona mayyar a tanderu suka dawo gida sai suka tarar matar gidan ita ma ta mutu, ba a faɗi ciwon da ta yi ba ba a faɗi komai ba. Ni duk sanda na zo wajen nan sai tsigar jikina ta tashi.

Ummu Haidar

Malam Allah ya ƙara ilimi, wlh ban taɓa sanin maganar 1812 ɗin nan ba. Ni ta wani ɓangaren zan zo, dan ni marainiya ce mamana ta rasu ina shekara tara, kuma abin da yake min ciwo da finafinan nan ba muguntar matar uba ba ne, yadda suke shafe uwar da ta mutu ne kamar ba ta taɓa wanzuwa ba.

Ku duba Cinderella ta Grimm, babu wata aljana mai sandar tsafi a ciki sam. Uwar tana kan gadon mutuwa ta kira 'yarta ta yi mata wasiyya ta ce zan dinga kallonki daga sama. Bayan nan uban zai yi tafiya ya tambayi 'yan matan me zai kawo musu, 'ya'yan matar suka ce kaya masu tsada da lu'ulu'u, ita kuwa ta ce reshen bishiyar da ya fara taɓa hularka a hanyar dawowa shi za ka karyo min. Ta kai shi kan kabarin uwarta ta dasa, ta yi ta kuka har hawayenta ya shayar da shi ya zama bishiya, kullum sau uku take zuwa ƙarƙashinta, wani farin tsuntsu yana sauka a kai, kuma daga bishiyar nan aka jefo mata rigar zinare da azurfa da takalman da ta je bikin da su. Wato uwar ce ta yi mata sutura daga cikin kabari. Ni da na karanta wannan ina babba sai da na ajiye littafin na yi kuka mai isata, dan duk wanda ya rasa uwa yana ƙarami ya san ba tafiya take yi gaba ɗaya ba, kana jin muryarta a kunnenka duk sanda za ka yi wani abu.

Kuma ba Jamusawa kaɗai ba. Akwai ta ƙasar Sin da aka rubuta tun ƙarni na 9, yarinyar sunanta Ye Xian, ita kifi take kiwo a tafki yana fito mata ita kaɗai, matar uban ta sa kayan yarinyar ta yaudari kifin ta kashe ta cinye, sai yarinyar ta tattara ƙasusuwan ta ɓoye, su suke bata duk abin da ta roƙa har da takalmin zinaren da ya faɗi. Ta Rasha kuma Vasilisa, uwarta kafin ta cika ta bata 'yar tsana ta ce ki dinga bata abinci kina neman shawararta, 'yar tsanar nan ce ta fitar da ita daga gidan mayya Baba Yaga. Ko'ina ka duba uwa ta bar wani abu a hannun 'yarta.

To Disney a 1950 ba ta Grimm suka ɗauka ba, ta Bafaranshen nan Charles Perrault ce ta 1697, mai kabewar da ta zama keken doki da takalmin gilashi da aljanar da ta fito daga babu. Ta fi daɗin zanawa na yarda, amma ka ga an cire kabari an cire bishiya an cire hawaye, sai wata tsohuwa mai fara'a da ba ta da alaƙa da uwar ta zo ta kaɗa sanda ta ɓace. Yarinya marainiya da ke kallo ba abin da za ta ɗauka game da tata uwar.

Maman Ilham ni shawarata 'yar uwa, tambayar da ta yi miki kar ki ɗauka tuhuma ce. Mai yiwuwa ma ba ke take tambaya a kai ba, ɗayar take nema, ta ga Cinderella tana da uwa ta farko to ita ina tata. In akwai hotonta ko wani abu nata, ki zama ke ce mai nuna mata.

Maman Ilham

Ummu Haidar kin sa ni hawaye wlh, Allah ya jiƙan mama ya kai haske kabarinta. Gaskiya ban taɓa kallon abin ta nan ba, ni kaina kawai na tsaya ji. Akwai akwatin kayan marigayiyar da babanta ya ajiye, ni ban taɓa buɗewa ba dan ina ganin ba hurumina ba ne, shi kuma ina ga tsoron ɓata min rai yake shi ya sa baya maganarta a gabana, kin ga kenan mu biyu mun taru mun yi shiru yarinya na tsakiya. Malam nagode sosai, ashe matar uba ma ɗora mata aka yi a wasu.

Zee Sinima

Ni dai bari in ɗan kare masu fim dan na ga kamar duk an taru a kansu. Na farko fim ɗin yara ba shi da tsawo sosai, kuma dole yarinya ta shiga haɗari ta fita da kanta, to in uwarta na nan da ranta da lafiyarta wa zai bari ta shiga daji ita kaɗai ko ta karɓi tuffa a hannun baƙuwar tsohuwa? Uwa tana nan labari ya ƙare tun ba a fara ba. Cire uwa ita ce hanya mafi sauri ta sa mai kallo ya tausaya wa yaro kuma ya yarda ba shi da mafaka. Na biyu ai sun rage muguntar ma sosai, a Grimm sarauniyar takalman ƙarfe aka gasa a wuta aka sa ta taka rawa da su har ta mutu a wajen bikin Snow White, a fim kuwa daga kan dutse ta faɗo ba a ma nuna gawar ba.

Sannan Anti Maman Ilham ki lura duk waɗanda kika lissafo yawanci tsofaffi ne, daga wajen 2010 zuwa yanzu abin ya juya sosai. Ki nemi Brave na 2012 ku kalla tare, shi gaba ɗayansa a kan uwa da 'ya ne, uwar tana raye, ba muguwa ba ce kuma ba waliyyiya ba ce, mace ce mai tsauri da take so 'yarta ta zama irin yadda ita ta ga ya dace, yarinyar ta je wajen mayya neman abin da zai canza ra'ayin uwar sai uwar ta rikiɗe ta zama dabbar nan beyar, sauran fim ɗin duk ƙoƙarin dawo da ita ne da koyon sauraron juna, babu wani ɗan sarki mai ceto. Brenda Chapman da ta ƙirƙiro labarin ta ce daga zamanta da 'yarta ta samo shi, kuma kana kallo ka san mace mai 'ya ce ta rubuta.

Amma wanda nake ganin ya fi dacewa da ke shi ne Maleficent na 2014 wanda Angelina Jolie ta fito. Muguwar aljanar da ta yi wa jaririya baki a Sleeping Beauty na 1959 ita ce aka juya labarin ta ɓangarenta, tana bin yarinyar daga nesa tana ciyar da ita tana tareta in za ta faɗa rami har ta wayi gari tana sonta, ranar da barcin ya kama ta, ɗan sarki ya sumbaceta ba ta farka ba, sai da ita matar da ba ta haifeta ba ta sumbaci goshinta tana kuka tana neman gafara sannan ta buɗe ido. Sai dai Ilham ta ɗan yi ƙanƙanta da shi akwai wuraren tsoro, ki bari ta ƙara shekara biyu ko uku. Cinderella na 2015 ma sun nuna uwar da ranta da wasiyyarta, kuma Cate Blanchett da ta fito a matar uban an bata dalili, mijinta na farko da take so ya mutu, ta auri na biyu dan 'ya'yanta ta kuma ji da kunnenta har yanzu matarsa ta farko ce a ransa, shi ma ya mutu ya barta ba abin hannu. Ba wai an wanketa ba, amma ka ga mutum ce.

Tangled kuwa ni ina ganin Gothel, matar da ta sace yarinyar, ta fi duk sauran ban tsoro dan ita ba ta duka ba ta sa aiki, da daɗin baki take ɗaure yarinyar, ina sonki, duniya mugun waje ce, ba za ki iya komai ba sai da ni, ta faɗi magana mai ciwo ta ce wasa nake. Wannan kam akwai masu ita a gida kuma ba sai matar uba ba.

Baba Tanimu

Na karanta duka, kowa ya yi magana mai ma'ana, amma akwai mutum ɗaya da kuka bari ya sulale ba wanda ya kira sunansa, uban. Ni namiji ne kuma uba ne shi ya sa abin yake damuna. A Cinderella ta Perrault uban yana nan da ransa a gidan, an ma faɗa ƙarara cewa yarinyar ba ta iya kai masa ƙara dan faɗa zai yi mata saboda matar ta gama mallake shi. A ta Grimm ya fi haka muni, da ɗan sarki ya tambaya ko kana da wata 'yar, da bakinsa ya ce babu sai wata 'yar ƙazama da matata ta farko ta bari. 'Yarsa fa ta cikinsa tana kwana cikin toka a gabansa. Uban Hansel da Gretel sau biyu yana raka su daji ya baro su, amma a ƙarshe matar ce ta mutu shi kuwa yaran suka dawo suka zube masa lu'ulu'u ya ci arziki. To me Disney suka yi a 1950? Sai suka kashe uban tun a buɗe fim, suka ce mutumin kirki ne mai son 'yarsa, dan kar mai kallo ya tambaya yana ina ake wannan zalunci. Uwa an canza mata suna dan a kareta, uba an kashe shi dan a kare shi, matar uba kaɗai aka bari a fili.

Kuma Malam Ɗan Adabi, ni maganar raba uwa biyu a ƙwaƙwalwar yaro ban ƙi ta ba amma na fi karkata ga abin da marubuciyar Ingila Marina Warner ta kawo a littafinta na 1994, cewa mu daina neman abin a mafarki alhali yana cikin tarihi. A Turai ta wancan zamanin mata da yawa wajen haihuwa suke mutuwa, namiji ya sake aure da wuri dan ba mai riƙe masa yara, sabuwar matar ta zo ta haifi nata, gona ɗaya ce gado ɗaya ne abinci baya isa, ita kuma ba ta da komai nata sai abin da 'ya'yanta za su samu, in mijin ya mutu ɗan matar farko ya gaje gida ina za ta? Ba ina ba zalunci uzuri ba ne, amma wanda ya tsara rayuwar da mata biyu da 'ya'yansu za su yi kokawa a kan loma ɗaya ba ya cikin tatsuniyar. Ta kuma lura da wani abu, a Faransanci kalma ɗaya ce take nufin matar uba take kuma nufin uwar miji, to wata muguwar ta cikin labari mai yiwuwa suruka ce amarya take ba da labarinta a kaikaice. Ga shi kuwa Sleeping Beauty ta Perrault ba a farkawa ta ƙare ba, akwai kashi na biyu da uwar ɗan sarkin dodanniya ce ta sa mai dafa abinci ya yanka mata jikokinta biyu da uwarsu, shi ne ya ɓoye su ya yanka dabbobi a madadinsu. Fim ɗin 1959 ko kusa da wajen bai je ba.

Namu na gargajiya ma in kun tuna, 'yar bora da 'yar mowa, can uwar tana raye sai dai ba ta da faɗa, kuma nan ma ka nemi maigidan ka rasa abin da yake yi.

Ummu Haidar

Baba Tanimu wlh ka faɗi abin da na kasa faɗa. Zee ni kuma a Maleficent ɗin nan akwai abin da bai min ba, na yarda wajen sumbar yana taɓa zuciya, amma ki tuna ita sarauniyar da ta haifi yarinyar ya ta ƙare? An rabata da jaririyarta, ta yi ta ciwo ta mutu a bayan fage mijin ko zuwa kanta bai yi ba, yarinyar ba ta taɓa saninta ba kuma fim ɗin bai damu ba. A Tangled ma uwar gaskiyar ko kalma ɗaya ba ta furta ba tun daga farko har ƙarshe. Wato har yanzu sun kasa barin uwa biyu su tsaya a labari ɗaya, sai an kashe ɗaya ko an toshe mata baki kafin ɗayar ta samu wuri. Ni kuwa wadda ta riƙe ni bayan mamana ba ta taɓa neman ta goge min ita ba, ita ce ma take ce min dariyarki irin tata ce, kuma hakan bai rage mata komai a wajena ba sai ƙari.

Zee Sinima

Gaskiya ne Anti Ummu, wannan kam ban da amsa, na manta ma sarauniyar ta mutu a ciki sai da kika faɗa, ina ga hakan ma ya isa shaida.

Maman Ilham

Slm 'yan uwa na dawo in faɗa muku yadda aka yi. Daren jiya bayan ta yi barci na samu babanta na karanta masa abin da kuka rubuta har da na Baba Tanimu, ya daɗe bai ce komai ba sannan ya tashi ya sauko da akwatin. Yau da ta dawo daga makaranta muka zauna mu uku muka buɗe, akwai hotuna da wani ɗankunne da ƙaramin littafin da marigayiyar take rubuta abubuwa, har da ranar da Ilham ta fara haƙori da ranar da ta fara tafiya da rubutun hannunta. Yarinyar nan ta riƙe hoto ɗaya ta ƙi saki, tana ta tambaya, me take so, tana da tsawo, ta iya waƙa, baban yana amsawa muryarsa na rawa, ni dai ina riƙe da ita a cinyata. Na kuma bata labarin Cinderella mai bishiyar yadda Ummu Haidar ta kawo shi amma na tsallake maganar uban, ta ce ita ma tana so ta dasa bishiya, baban ya ce to ranar Asabar. Ɗankunnen na ajiye mata sai ta girma, hoton kuma ta sa shi ƙarƙashin filonta. Zee na samo Brave ɗin, gobe in sha Allah za mu kalla, Maleficent kuma na bari sai nan gaba kamar yadda kika ce. Malam dan Allah in akwai fassarar Grimm ɗin mai sauƙin Turanci da ba ta da wuraren yanka da ƙonawa da yawa ka faɗa min wacce zan nema, dan tun ɗazu take tambayata ko akwai wani labarin mai bishiya.